Alƙibla a Bahar Maliya

Ranar da Shittu ya dawo Madina, a shekarar 1981, bai zauna a gida ba sai da ya je unguwar Ƙurban gaida surukinsa, Baba Maiturare. Matarsa Dumbulwa ta bi shi, tana ta kallon leɓɓansa da suka tsattsage.

Shittu ma'aikaci ne a jirgin ruwan dakon tumaki daga Bur Sudan zuwa Jidda. Jirgin ya kama da wuta a Bahar Maliya, suka kwana biyu a kwale-kwalen ceto kafin a tsamo su.

Shi kuwa Baba Maiturare ya yi ƙuruciyarsa a jiragen ruwa na katako, yanzu idanunsa sun dushe. Duk zuwan Shittu sai ya zaunar da shi yana koya masa gane hanya da rana da tafiyar igiyar ruwa. Shittu yakan saurara don kunya kawai, a ransa yana cewa ai yanzu akwai rediyo.

Tsohon ya laluba ya riƙo hannunsa. "Alhamdu lillahi alas salama. To, abin da na koya maka, shi ya fid da ku?"

Dumbulwa ta yi wa mijinta ido, wai ya ce e.

Shittu ya sunkuyar da kai. "A'a, Baba. Kyaftin ya riga ya aika saƙo ta rediyo, ya ce kada mu matsa ko'ina. A nan aka same mu."

Tsohon ya ɗan sassauta riƙon da ya yi masa.

"Amma Baba, a kwana na biyu hazo ya rufe rana. Wani Basudane, Ali, ya fara kuka, wai zai mutu bai san inda Ka'aba take ba. Na tuna ta inda igiyar ke zuwa tun ranar farko da hantsi, lokacin ana ganin rana, na ce masa ga alƙibla can, Jidda ma can take. Ya juya ya yi salla. Sauran suka bi shi. Daga nan ba wanda ya ƙara ihu."

"Ta wace kafaɗa igiyar ke bugun ku?"

"Ta hagu, Baba, in mun fuskanci gabas."

"Daga arewa ke nan. Daidai ne." Ya goge ido da bakin rawaninsa, ya ce, "Dumbulwa, kawo wa mijinki shayi, ki bari ya huce tukuna. Bakinsa ba zai ɗauki zafi ba."