Hannun Kafinta

"Baba Direba, duba hannunsa! Don Allah duba!"

Auta ne ya damƙo mini riga. Muna tsaye a ɗakin mahaifinsa, maƙwabcina Kafinta, da hantsi, rana ta shigo ta taga ta kwanta a ƙafar gadon. Tun da hawan jini ya kayar da shi a shago ɓarin jikinsa na hagu ya mutu, baki ya karkace, magana ta ɗauke, sai ido kawai. To ga shi yau ya ɗago hannun dama daga kan bargo, a hankali kamar mai ɗaga buhun siminti, yatsa ɗaya a miƙe.

"Allahu akbar," in ji Auta. "Baba ya yi shahada!"

Yayarsa na zaune a bakin gado da kofin ruwa da cokali. Ta juyo a fusace. "Shahadar me? Rufe mana baki. Sama yake nunawa, wurin Mai Cetonsa."

Kafinta bai dubi ko ɗayansu ba, ni yake kallo. Hannun ya ɗan tsaya, sannan ya koma kan bargo. Kafin rana ta take tsaka ya cika.

Kafinta Kirista ne, ni Musulmi, katanga ɗaya ta raba mu tun gashinmu yana baƙi. 'Ya'yansa biyu ne. Babbar tana nan a cocin uban. Auta kuwa ya tafi neman aiki wani gari, ya dawo Musulmi. Uban bai kore shi ba, amma daga ranar hirarsu ta koma ina kwana, lafiya lau. Yayar ma ko wannan ba ta ba shi.

Ba a gama rufe mamacin da zane ba rigima ta tashi a tsakar gida. Auta ya ce liman zai kira, a yi wa ubansa wanka da likkafani a sallace shi. Yayar ta ce sai dai a bi ta kan gawarta, fasto yana hanya.

"Kin ga abin da na gani, Yaya."

"Na ga ɗan da ya gudu ya bar ubansa, ya dawo satar gawa."

Auta ya haɗiye wannan, ya juyo wurina. "Baba Direba yana wurin. Shi dattijo ne, kuma abokinsa. Abin da ya faɗa shi ke nan."

Yayar ta dube ni, ta dubi carbin da ke hannuna, ta yi wata 'yar dariya mai ɗaci. Ta riga ta yanke inda zan faɗi.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Babbar mota na ja har idona ya gaza. Amma hanya ta koya mini kallon hannun mutum, don baki yana ƙarya, hannu bai iya ba. Kuma wannan hannu na san shi fiye da nawa. Tun yana saurayi injin yanka katako ya cinye masa yatsan tsakiya da na kusa da shi, ya bar masa babban yatsa, manuni da ƙaramin.

Da na ajiye tuƙi, bencin shagonsa ya zama ofishina. Yana aiki, fensir a bayan kunne, ni ina tsokana.

"Kafinta, Annabi Isa fa ya ci abinci, ya yi barci, ya gaji da tafiya. Allah yana gajiya ne?"

"Saboda kai ya gaji, Direba. Ya sauko ya ɗanɗani abin da kake sha."

"Mu ma muna girmama shi. Almasihu ne, ɗan Maryamu, ba shi da uba. Amma bawan Allah ne."

"Ba shi da uba, ka ce? To ka kusa isowa. Ƙara mai kaɗan."

"Nan tashar take, malam. Gaba rami ne."

In gardama ta yi zafi sai ya ajiye zarto, ya danne ƙaramin yatsa da babba, ya ɗaga hannu. "Uba, Ɗa, Ruhu Mai Tsarki." Uku yake nufi, amma ɗaya ke fitowa. Ni kuwa in kwashe da dariya har in ƙware.

"Ka gani? Ko hannunka ya musulunta, kai kaɗai ka rage."

"Uku ne, Direba. Biyun ba ka ganinsu ne kawai. Ni da nake da su, har yau suna yi mini ƙaiƙayi. Kuma duka hannu ɗaya ne."

Haka muka tsufa. Bai matsa ba, ban matsa ba. Ranar da matata ta rasu shi ya tsaya a ƙofar maƙabarta cikin rana, hularsa a hannu, har aka gama.

To a kan gadon nan, da ya ɗaga hannu, na ga babban yatsa a kan ƙaramin, ya danne shi. Na kuma ga gefen bakinsa mai rai ya ɗan motsa. Mutumin nan numfashi na ƙare masa, amma sai da ya ja ni gardama ta ƙarshe.

Wallahi na so in bi Auta. Ba sallar da nake yi ban roƙa wa Kafinta shiriya ba. Kalma ɗaya zan faɗa, in tsaya a sahu in sallaci abokina da bakina. Ba mai ƙaryata ni. Na ji kalmar ta hau har maƙogwaro.

Na ce, "Auta, zo mu je shago."

Shagon na nan yadda ya bar shi, kujera mai ƙafa uku a kife kan tebur, dusar katako ta rufe ƙasa. Na zaunar da shi a bencina, na danne ƙaramin yatsana da babba, na lanƙwashe biyun tsakiya, na nuna masa. Na ba shi labarin duka, har da ƙaiƙayin.

Ya daɗe yana kallon hannuna. "Ko dai ka yi kuskure, Baba?"

"Da na yi, da na fi ka murna."

"Kullum ina roƙo. Kullum." Ya kife fuska a tafin hannu. "Yanzu ina za shi?"

"Ɗana, na san hanyoyi da yawa, wannan ban taɓa kai kaya can ba. Mai ita ya san nasa. Abin da na sani, ubanka bai taɓa sayar wa mutum katako mai ɓoyayyen tsagu ba. Kada mu yi masa haka a ranarsa."

Ya yi kuka irin na manya, wanda ba sauti sai kafaɗa. Ban hana shi ba.

Muna nan Yayar ta leƙo, idonta jawur. Na gaya mata ta bar fasto ya yi aikinsa. Ta rasa inda za ta ajiye faɗan da ta zo da shi. Daga baya ta ce, ba tare da ta dubi ƙanenta ba, za ta aika a nemo akwatin gawa.

Auta ya share fuska da hannun riga. "A nemo? Baba ya yi wa rabin unguwar nan gado da ƙofa, shi kuma a sa shi a aikin wani?"

Ya tashi ya shiga jawo katako daga bayan shago, yana ƙwanƙwasa kowanne da ɗan yatsa yana saurare, yadda uban ke yi. Ashe hannun bai manta ba. Ya ɗauki fensirin ya maƙala a kunne. Ni na riƙe masa ma'auni, amma katakon sai zamewa yake yi.

"Matsa, Baba," in ji Yayar. Ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta dafe ɗaya bakin katakon da hannu biyu. "Kai kuma kada ka sa masa ƙusa a karkace."

"To, Yaya."

Ya miƙa hannu ya ɗauko gudumar uban. Ƙotar ta yi baƙi ta yi santsi a wuri uku, inda yatsun Kafinta suka ci ta. Tsakaninsu akwai wani ɗan fili da ya rage fari, ba abin da ya taɓa shi. Auta ya juya ta a hannu, ya ɗora yatsunsa biyu a wurin, ya saita ƙusar farko.