Na Gida da Na Kasuwa

Duk wanda ya san Iyatu mai yaji a Agege ya san ba a kai mata abin kasuwa. Daddawarta da kanta take dafa kalwa ta yi, man gyaɗa a gabanta ake matsewa, ko kukar miya sai an aiko mata da ganye daga arewa ta daka da hannunta. In ka kawo mata tsaraba, kafin ta ce an gode sai ta shinshina ta tambaya, "Na gida ne ko na kasuwa?" Ni Maimuna, ɗakina yana kallon nata tun muna da ƙarfin bin motar danfo a guje, kuma na sha wannan tambaya har na daina jin haushi.

'Yarta Bushra tana aure a Ingila, da 'ya ɗaya, Nuriyya, wadda ta fara famfara. Yarinyar tana jin Hausa sama-sama, amma ba ta mayarwa. Ka ce mata "ina kwana," ta amsa maka da Turanci. Wannan abu yana cin Iyatu a rai ƙwarai. Ta sha ce mini, "Maimuna, in na mutu yarinyar nan da wane baki za ta yi mini addu'a?" Shi ne Bushra ta tsara musu hira ta bidiyo duk ranar Asabar da la'asar, kaka ta riƙa koya wa jika. Da yake datar waya ba ta auki, ta ce a sa wa tsohuwa intanet a ɗaki.

Mai wannan aikin a unguwarmu shi ne Nassirou, wani mutumin Maraɗi da ke da shago kusa da titin jirgi. Shi ba kamfani ba ne, sari yake. Ya sayi babban layi a hannun kamfani, yana jan waya ta jikin katangu yana raba wa gidaje. Ina zaune ranar da ya zo. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, iri biyu gare ni, da na gida da na kasuwa. Wanne za a sa miki?"

Iyatu ta dube shi tun daga hula har silifa.

"Kai ɗan nan, baƙo ne kai a unguwar nan? Ni za ka tambaya?"

"Inna, bari in yi miki bayani, shi na kasuwar..."

Ta ɗaga masa hannu. "Riƙe bayaninka. Na gida."

Ya dube ni, ni kuwa na kau da kai, don ban ga dalilin da zan sa bakina a wuta ba. Gaskiya ma ni kaina a lokacin na ɗauka ta zaɓi mai kyan. Da ya ƙara da cewa na gidan ya fi sauƙin kuɗi, sai ta ce, "Ka ji ko? Ga kyau ga araha, amma kake neman ka cusa mini na kasuwa."

Asabar ta farko muka zauna gaban waya. Ga Nuriyya tar-tar, har giɓinta muna gani. Iyatu ta fara: "Ce sannu Kaka." Yarinya ta ƙyalƙyale da dariya tana nuna mu da yatsa. Ashe can wajensu hoton Iyatu ya sandare, baki buɗe, ido ɗaya a rufe, muryar kuma tana zuwa guntu-guntu. Mu muna ganinsu lafiya, su ne ba sa ganinmu. La'asar ɗin Asabar kuwa lokacin ne duk Agege take kallon ƙwallo, kowa ya hau layi ɗaya.

Dariyar ba ta daɗe ba. Asabar ta gaba yarinya ta riƙa hamma, wadda ta biyo baya ta zame daga kujera ta bar mana bango muna kallo. Daga nan Bushra ta kira uwarta ta ce, "Mama, ƙawayenta suna zuwa koyon iyo a daidai wannan lokacin, ta nace sai ta bi su, babanta ya yarda. Na roƙe shi a ƙara mana Asabar ɗaya. Ba zan iya ɗaure ta a kujera tana kallon hoton da ba ya motsi ba."

Ranar ban ji ƙarar turmin Iyatu ba. Na leƙa na same ta zaune da waya a cinya, ko ɗankwali ba ta gyara ba. Tausayinta ya kama ni, kuma da yake ban iya lallashi ba, sai na yi mata faɗa. Na ce, "Yaya, tashi. Zama ba ya gyara komai. Mu je wurin iyayen gidan Nassirou mu ji daga bakinsu."

Muka hau keke napep zuwa ofishin kamfanin a Ikeja. Wata budurwa mai fara'a ta karɓe mu, tana yi da Yarbanci ina juya wa Iyatu. Ta ce in an saya kai tsaye daga wurinsu babu ɗan tsakiya, layin ya fi ƙarfi, kuma ba a cunkusa mutane da yawa a kansa. Sai dai wayarsu a bakin babban titi ta tsaya. Kafin a jawo ta lungunmu sai mai gidan haya ya yarda, sai an zo an duba, abin zai ɗauki makonni. Kuma in ka shiga, shekara guda ka ɗaure kanka.

Iyatu ta ce, "Tambaye ta, in ya lalace wa zan aika a kira mini?"

Na tambaya. Budurwa ta ce akwai lambar da ake bugawa.

"Lambar tana da fuska?"

Wannan ban juya ba. Budurwa ta ci gaba, ta ce su ma tsari biyu gare su, kuma ga mai son a gan shi sosai a bidiyo, na 'yan kasuwa ya fi. Ina faɗa wa Iyatu haka ta ja tsaki.

"Su ma? Anya Maimuna, Yarbancinki bai fara tsufa ba?"

Ni da aka haifa a Agege, wai ni ake gaya wa haka. Na haɗiye, muka fito. Muka kamo hanyar Agege. Muna sauka ta miƙe sai shagon Nassirou, ni ina biye ina haki.

Ko sallamar kirki ba ta yi ba ta ce, "Ka ce na gida ka ba ni. Wane irin na gida ne wannan? Jabu ka sa mini don ka ga tsohuwa?"

Nassirou ya ba ta kujera, ya bari ta gama. Sannan ya ce, "Inna, yau ki bari in kai ƙarshen magana, don Allah. Rezo, wato layin intanet ɗin nan, ƙofa biyu gare shi, ta shigowa da ta fita. Na gida, ƙofar shigowa faɗi gare ta, shi ya sa kike ganin jikarki sarai. Ta fita kuwa 'yar ƙarama ce, kuma ke da gidaje da yawa kuke turereniya a kanta. Na kasuwa duka biyun faɗi gare su. Waya daban zan ja miki, ba ruwanki da masu ƙwallo. In ya samu matsala kuma, ke ce farkon wadda zan zo wa."

Iyatu ta gyara zama. Na zaci ta gamsu. Can sai ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "Jikata ce fa. Ba sayar mata da komai nake ba. Yaya zan ɗauki hirata da jinina in ɗora a layin kasuwa?"

Sai a nan na gane ba taurin kai ne kawai ba. Na ji ƙwalla ta taru mini, na yi kamar ina duba wayoyin da ke rataye.

Nassirou ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, waɗanda suka raɗa sunan ba su san ki ba. A wurinsu mutumin gida zaune yake yana kallo, ba mai jiran ya ce komai. Wanda ke son a ji shi, shi suke ce wa ɗan kasuwa. Ke kuwa so kike a ji ki."

Ya ƙara da wata magana da ta sa na ga girmansa. Ya ce na kamfani ya fi nasa ƙarko, don shi ma in layin ya ɗauke daga can kamfanin sai ya zauna jira. Ya ba ta shawara ta sa a fara maganar jawo wayar kamfanin, kafin nan ta riƙe nasa, tunda shi wata-wata ne ba ɗauri.

Iyatu ta gyara mayafi. "Na ji. Ka sa. Amma kada in ji ka kira shi da sunan nan a ɗakina."

"To mi za a ce mishi, Inna?"

"Kai ka sani. Ka yi aikinka da baki rufe."

Haka kuwa aka yi. Washegari ya zo da tsani ya ja sabuwar waya tun daga shagonsa, Iyatu tana tsaye a ƙasa tana gaya masa inda zai buga ƙusa, kamar ita ta koya masa aikin.

Ranar Asabar tun azahar ta yi wanka ta sa kwalli. Na jingina mata waya a jikin kwalbar mai, na zauna gefe. Daga gidan kallo na bayanmu ana ta ihun ƙwallo. Kira ya shigo. Ga Nuriyya a tsaye, ko zama ba ta yi ba, jakar iyo rataye a kafaɗa, fuska a murtuke.

Iyatu ta ce, "Sannu ƙawata. Ina wuni?"

Yarinya ta ƙura mana ido. Ta tsaya tana jiran hoton ya sandare kamar kullum. Iyatu ta juya kai dama, ta juya hagu, ta ɗaga gira, hoto yana bin ta. Sai Nuriyya ta matso. Ta ƙara matsowa har hancinta ya cika mana waya. Ta kai yatsa kumatunta ta ja layi daga gefen baki zuwa kunne.

"Kaka," ta ce, ta tsaya tana laluben kalma. "Fuska. Wa ya... yanka?"

Tsagar Gobirawa ce a fuskar Iyatu. Mu da muke ganinta kullum mun daina lura, yarinyar kuwa ba ta taɓa ganin fuskar kakarta sosai ba sai yau. Iyatu ta dafa kumatunta. Ta ce, "Wanzami ne. Ce wanzami."

"Wan-za-mi."

Daga bayan yarinyar muka ji muryar uban da Turanci, yana cewa za su makara. Nuriyya ko waiwayawa ba ta yi ba. Ta ɗaga masa hannu ta ce, "Baba, tsaya." Sannan ta dawo da ido kanmu. "Kaka, da zafi?"

Iyatu ta yi dariya, hawaye yana bin tsagar. "Ina zan sani, ina jaririya? Amma zauna in gaya miki wadda ta riƙe ni ranar, da garin da aka yi."

Nuriyya ta sauke jakar a ƙasa, ta jawo kujera ta zauna.