Minti Ashirin a Ƙarƙashin Teburin Yanka

Shekara ashirin da biyu Mai Almakashi tana riƙe da teburin yanka a masana'antar ɗinka kayan makaranta, ba a taɓa dawo mata da aiki ba. Sai ga shi al'adarta ta ɗauke, ta bar mata wata irin gajiya da ba ta da kunya. Da safe garau take. Amma da ƙarfe biyu ta buga, sai ta ji kamar an cika mata ƙafafu da yashi, idanu su yi nauyi, lissafin awo ya bi iska.

Masu ba da shawara kuwa ba su yi ƙaranci ba. Ƙanwarta ta dafo wani ganye mai ɗacin tsiya, ta rantse kwana uku zai tashe ta. Abin da ya tasa kawai shi ne cikinta. 'Yarta ta koya mata jan numfashi daga waya, maƙwabciya ta zo da man tausa mai warin da ya kori mijinta zuwa falo. Likita ya gwada jininta ya ce lafiya lau, lokaci ne. A ƙarshe abin da ta ga yana yi mata aiki ba shi da wani kwarjini: takawa da ƙafa zuwa aiki, shayin citta da na'a-na'a, da kwanciyar minti ashirin bayan abincin rana. Kwanciyar ce ta gagara, don masana'antar ba ta da wajen miƙe ƙafa, ita kuma kunya ba ta barin ta tambaya.

Ranar wata Talata gajiyar ta ci ta. Ta shimfiɗa yadi ninki arba'in duk fuska sama, maimakon fuska da fuska, ta bi da injin yanka. Hannun riga tamanin suka fito, kaf na hagu.

Manaja, wanda bai kai ɗanta na fari ba, ya kira ta ofis. Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ƙona mata rai. Cikin ladabi ya ce akwai kujera a sashen maɓalli, aikin zaune, ta huta; teburin a ba wani daga Litinin. Ta fito tana jin kamar an yi mata jana'iza tana numfashi.

Washegari ta zo da tabarma a hammata. Da aka tashi hutun rana ta ci abincinta, ta share ƙyallaye daga ƙarƙashin teburin, ta shimfiɗa, ta kwanta a gaban kowa. Masu keke suka yi ta ƙus-ƙus. Ba a jima ba ta ga takalman Manaja sun tsaya saitin kanta.

"Mama, lafiya? A kira mota?"

"Lafiya lau, ɗana. Al'adata ce ta ɗauke, gajiyar da take bari ce nake magani. Hutuna ne, ban taɓa lokacinka ba. In na tashi zan yanka maka yadi yadda na saba. Maɓalli kuwa ka ba mai so."

Ba a taɓa faɗin wannan kalma da ƙarfi a ɗakin nan ba. Manaja ya rasa inda zai ajiye idonsa. Ya yi gyaran murya ya ce matsalar ita ce, in ya ƙyale ta, gobe kowa zai ce shi ma.

Bai rufe baki ba mai guga ta ajiye kwanonta. Mace ce shiru-shiru da ba a cika jin muryarta ba. Ta cire takalmi ta durƙusa.

"Matsa min, Yaya. Ni shekara biyu ina yin nawa a banɗaki, a tsaye, na jingina da ƙofa."

Mai Almakashi ta matsa; kullum tana ganin matar nan tana shigewa banɗaki, ba ta taɓa tambaya ba. Manaja ya ɗaga kai ya dubi layin kekuna. Mata wajen goma masu furfura a gefen ɗankwali suna kallonsa, babu wadda ta sunkuyar da kai.

Sannan ya ce sabon yadin na Litinin za a kawo shi teburinta, ya tambaya a hankali saura minti nawa.

"Sha ɗaya," in ji ta, ido a rufe. "Ka rage murya."