Ƙoda Ɗaya Gare Shi

Ƙanwarsa ce ta buɗe masa shafi a manhajar neman aure, don shi yatsunsa duk tabon wuta ne, ko lambar waya sai ya danna sau biyu. Mai walda ne, shekara arba'in da uku, bai taɓa iya tsayawa gaban mace ya haɗa magana biyu ba. A manhajar ya gamu da Malama, mai koyar da lissafi a firamare. A saƙonta na uku ta gaya masa ƙodarta ta fara gajiya. A na huɗu ta tambayi rukunin jininsa. Ya je aka gwada, ya tura mata hoton takardar, babban yatsansa ya fito a gefe.

"Wannan yatsa ne ko guduma?" ta rubuto.

Bayan wata bakwai suka yi aure. Guduma take kiransa, shi kuma bai taɓa fasa ce mata Malama ba.

A shekara ta biyu ƙodar ta tsaya. Sau uku a mako yake goya ta a babur zuwa wankin ƙoda, ta zagaye cikinsa da hannu ɗaya, ɗayan mai jijiyar allura ta ɗora a cinyarta. Awa huɗu take yi jikin na'ura, shi yana kan benci a baranda. Da aka ce sai dashe, bai jira ta roƙa ba. Aka ɗebi jininsa, jini ya dace.

Yayarsa ta same shi a shago yana yanka ƙarfen taga.

"Kai dai Allah ya yi ka babu wayo. Wace mace ke tambayar jinin mutum kafin ta tambayi sana'arsa? Matar wayar nan ba miji ta shiga nema ba, sifeyar ƙoda ta je saye."

"Yaya, matsa, tartsatsi zai ƙona miki mayafi."

Ta tafi, amma maganar ba ta bi ta ba.

Washegari likita ta kira shi ofis shi kaɗai, ta rufe ƙofa.

"Ƙa'idarmu ce, duk mai bayarwa sai mun keɓe da shi. In zuciyarka ba ta so, faɗa min. Za mu ce gwaji ya nuna ba za ka iya ba. Ba wanda zai sani, har ita."

Ya zuba wa fankar bango ido, wani ya yi mata walda ta ganganci, tana rawa. Saƙonta na huɗu ya tuna, wanda ta tambayi jininsa. Duk abin bai wuce minti ɗaya ba.

"Zan bayar," ya ce.

Bayan kwana goma hoton cikinsa ya fito. Likita ta juyo masa da allon kwamfuta. Ƙodarsa ta hagu a tsuke take tun haihuwa, ba ta taɓa aiki ba.

"Ɗaya gare ka, malam. Ba za mu taɓa ta ba."

Ya roƙa, har ya ce a ɗauka a hakan. Amma kafin roƙon, daidai lokacin da ta ce "ɗaya", wani abu ya saki a ƙirjinsa, kamar an kwance masa ɗamara. Ya ji shi sarai.

Ya iske Malama a kujerarta, jininta na zagayawa cikin robobi. Ya gaya mata abin da hoton ya nuna, ya miƙa mata takardar sakamakon. Ba ta karɓa ba, murmushi kawai ta yi.

"Ka ga tsohon direban can na kujera ta biyar? Haka aka ce wa ƙaninsa. Matar da ke bakin taga, haka aka ce wa mijinta. Duk ɗakin nan mun san amsar da ake bayarwa bayan an rufe ƙofa."

"Malama, ga takarda."

"Su ma da takarda suka zo." Ta gyara bargo da hannu ɗaya. "Ban riƙe ka ba, Guduma, jikinka ne. Ni ma ban zo maka da hannu fari ba. Maza tara na tambayi jininsu. Uku sun dace. Yatsan nan ne ya sa na tsaya a kanka, amma ba shi ya sa na yi tambayar ba. Ka ga mun yi kunnen doki."

Ya je wani asibitin daban aka sake ɗaukar hoto. Sakamako bai canja ba. Ta duba, ta ce, "Na yarda," da muryar da take amsa wa ɗalibin da ya ce ruwa ya jiƙa masa littafi.

Da zai iya kallon idonta ya rantse bai taɓa ja da baya ba, wataƙila da ta yarda da gaske. Sau da yawa ya buɗe baki. Sai ya tuna fankar nan, da abin da ya saki a ƙirjinsa, ya rufe. Ƙodar ba ƙarya ba ce. Amma da biyu gare shi fa? Ya ce zai bayar, kuma yana jin da ya bayar. Babu sauran hanyar da zai sani.

An sa sunanta a layin masu jira, layin da tsohon direban ya shekara shida a kai. Har yanzu sau uku a mako yake goya ta, ta rame har babur ba ya jin nauyinta. In ya hango rami yakan rage gudu ya ce, "Riƙe ni da kyau." Sai ta ce to, ta ƙara damƙe ƙarfen bayan kujera.