Yadda Nababa Ya Ɓoye Siton Hajiya Falta

Nababa magini ne, amma shekara bakwai rabon da wani ya kira shi ginin ɗaki. Aikin ƙasa ya iya: tubali, azara, yaɓen makuba. Tun da birni ya fara cinye gonakin bayan Ungogo kowa ya koma bulo da siminti, sai aikinsa ya tsaya a gyaran rumbu da toshe katangar da damina ta zubar. Sauran lokacin yana 'yar gonarsa ta gero.

Gonar da ke maƙwabtaka da tasa ce aka sayar wa Hajiya Falta. Iyayenta mutanen Barno ne, amma a Kano aka haife ta, kuma ta shekara ashirin tana harkar riɗi da wake a Dawanau. Kowa ya ɗauka gidajen haya za ta gina. Sai ta yi wurin wasan yara. Ta sa dawakan ƙarfe masu zagayawa, da wani babban lilo mai siffar ƙafar keke wanda ke ɗaga mutum har ya wuce kan giginya. Abin da ta fi ji da shi kuwa shi ne wani ɗan jirgin ƙasa mai tarago shida da ta sa wa suna Hanyar Fatake. Jirgin yana shiga cikin duhu, ya ratsa ayarin raƙuma da aka sassaƙa, ya wuce rijiya da zango da kasuwa, ana jin ƙararrawa da kukan kura ta lasifika. Labaran kakanta ne, wanda ya yi fatauci tsakanin Kukawa da Kano, ta sa aka mayar abin kallo.

Duk wannan yana cikin wani ƙaton gini na kwano, shuɗi, mai kusurwa huɗu. Tun daga bakin titi ake hango shi.

An buɗe wurin da babbar sallah. Jama'a sun zo, sun hau lilo, sun hau dawaki, amma layin jirgin bai taɓa wuce mutum goma ba. Waɗanda suka shiga ma suna fitowa suna dariya. Wata mata ta ce da ƙawarta, a kunnen Falta, "Wai Sahara! Cikin sito fa aka zagaya da mu." Bayan sallah da kwana uku wani direban tirela ya tsaya a ƙofa yana tambayar ko ana ba da hayar siton, yana da masara buhu ɗari shida.

Injiniya Mudassir, saurayin da ya haɗa jirgin, ya kawo shawarar a rufe gaban ginin da ƙaton tamfol mai hoton hamada. Aka rufe. Hadarin farko da ya taso daga gabas ya yage shi, rabinsa ya faɗa gonar Nababa ya kwantar da kunya huɗu na gero.

Nababa ya naɗe tamfol ɗin ya ɗora a ka ya kai. Ya tarar da Falta zaune a inuwar darbejiya ta zuba wa ginin ido. Ta ba shi haƙuri a kan geron, ya ce ba komai, zai miƙe. Har ya juya, sai ya tsaya.

"Hajiya, in faɗi wata magana?"

"Faɗi, Malam Nababa."

"Na shiga jirgin nan naki ranar sallah. Abin da ke ciki ya yi kyau, wallahi har raƙumin nan mai tabo a wuya. Amma tun kafin in shiga idona ya riga ya gaya mini inda za ni. Wanda ya ga kwano, ko me kika nuna masa a ciki, yana sane da kwanon a kansa."

"To rushewa zan yi?"

"A'a. Ɓoyewa za a yi."

Mudassir, wanda ke tsaye a gefe, ya yi murmushi. "Baba, tsawon ginin nan ƙafa ashirin ne. Katangar ƙasa mai wannan tsawo ai sai ganuwa."

"Ka taɓa bin lungun cikin birni?" in ji Nababa. "Katangar ba ta fi kamu shida ba, amma kana ganin rufin gidan da ke bayanta? Ba ka gani, don kana jikinta. Ba siton za mu bi da katanga ba. Mutanen za mu bi."

Falta ta gyaɗa kai. Ta ce ya dawo bayan an yi girbi.

Da kaka ta yi ya dawo da doguwar gora da ya ɗaura wa jan tsumma a kai. Kwana biyar bai taɓa ƙasar gini ba. Sai ya kafa gorar, ya koma bakin ƙofa ya duba, ya je wajen dawaki ya duba, ya tsuguna daidai tsawon ɗan shekara biyar ya duba, ya hau kan benci ya duba. In tsinin kwanon ya leƙo ta saman tsumman, ya matsar da gorar ko ya ƙara mata tsawo. In ya ɓace, ya buga turke. Masu gadi suka fara cewa tsohon ya taɓu.

Sannan ya aika ƙauyukan wajen Shanono aka kira masa tsofaffin abokan aikinsa shida, waɗanda suka koma ɗaukar bulo da haƙar masai. Suka haƙo jar ƙasa, suka kwaɓa da ciyawa, suka bar ta ta kwana bakwai tana ruɓa, suka mulmula tubali dubbai suka shanya. Katangar ta tashi tana lanƙwasa kamar maciji, gindinta kamu uku, samanta da zankwaye. A inda take kusa da masu wucewa gajeriya ce, a inda fili ya buɗe ta yi tsawo. Sai da suka jiƙa ɓawon ɗorawa suka yi makuba, suka shafe ta, ta yi ja mai duhu tana ƙyalli.

A wajen shiga jirgin ne suka yi gardama da Mudassir. Injiniyan yana son hanya miƙaƙƙiya daga ƙofa zuwa tarago, don layi ya riƙa sauri. Nababa ya ce zaure uku zai yi, kuma ƙofar kowane ba za ta kalli ta gaba ba.

"Baba, ɓata wuri ne."

"Haka ake gidan mutunci. Na farko da haske, na biyu da ɗan duhu, na uku sai fitilar aci-bal-bal. Kafin mutum ya kai jirgi ya juya sau uku, ya manta gabas da yamma. Ba zai san lokacin da ya shiga siton ba."

Falta ta ce a yi yadda magini ya ce.

Ana saura sati biyu ƙaramar sallah aka gama. Falta ta zagaya wurin kaf, daga titi har bayan banɗaki, ba ta ga ko ƙyallin kwano ba. Sai tsohon gari kawai a tsaye a tsakiyar gonaki. Sai "Masha Allah" take maimaitawa.

Mudassir ne ya ce, "Saura wuri ɗaya." Ya nuna babban lilo.

Nababa bai taɓa hawa ba. Ya cire hularsa ya cusa a aljihu, ya zauna kusa da injiniyan, ya ƙanƙame ƙarfe yana salati. Da suka kai ƙololuwa ya buɗe ido. Ga katangarsa, ga zaurukansa, ga kuma rufin kwanon a shimfiɗe a bayansu, shuɗi fal, rana tana dukansa. Duk wanda ya hau lilon zai gani, kuma kusan kowa lilon yake fara hawa.

Ya sauko ya wuce gida. Matarsa Hure tana tsakar gida tana kankare ƙwarya, don ita sana'arta ke nan tun tana amarya. Ta ga ya ture kwanon tuwo.

"Malam, lafiya? Katangar ce ta tsage?"

Ya gaya mata. Ya ce ƙasa ba za ta hau rufin ba, nauyi zai karya ƙarfen. Fenti kuma ko wane iri aka shafa, kwano kwano ne.

Hure ta ci gaba da kankararta. Can ta ce, "Ɗakin girkina fa, da me aka rufa shi?"

"Da kwano mana. Ni na rufa."

"To in damina ta yi, ka taɓa ganin kwanon?"

Nababa ya ɗaga kai ya dubi ɗakin. Busassun igiyoyin duman bara suna nan a kwance a kansa. Kowace shekara Hure takan shuka duma a gindin bango, ya hau ya lulluɓe rufin, ya zuba 'ya'yan da take fafewa ta yi ƙwarya. Ya jawo kwanon tuwon ya cinye tas.

Washegari ya kai wa Falta maganar. Za a shimfiɗa zana a kan rufin don kada zafin kwano ya ƙona ganye, a ɗaure da waya, a shuka duma kewaye da ginin, a riƙa ba shi ruwan burtsatse har damina ta karɓa. Amma ba zai rufe kafin ƙaramar sallah ba. Ya roƙe ta kada ta buɗe jirgin sai babba.

Wannan ya yi mata nauyi. Ta shiga juya zoben hannunta. Mudassir, wanda da shi ake gardama, shi ne ya ce, "Hajiya, a jira. Na shiga zaurukan nan jiya ni kaɗai, ni da na ɗaura kowane ƙarfe a ciki, sai da na rasa ta ina jirgin yake." Ya ce zai matsar da janareto nesa da zanar saboda wuta, ya kuma ja bututun ruwa zuwa saman rufin.

Hure da kanta ta zo shukar. Ta kawo irin da take ɓoyewa a tulu, na babbar ƙwarya da na ludayi, ta hana kowa taɓawa. Da ƙaramar sallah mutane suka tarar da ƙofar zauren farko a rufe da asabari, suka yi ta leƙe suna tambaya, ba wanda ya ba su amsa. Ruwan farko ya sauka, duman ya kama igiya ya hau. Kafin watan layya ya kama, rufin ya zama tudu kore shar, da fararen furanni.

Ranar babbar sallah da hantsi aka ɗage asabarin. Kafin azahar layi ya fita daga zaure, ya bi jikin katanga, ya kai bakin titi inda masu adaidaita ke sauke mutane. Waɗanda ke saman lilo suna nuna tudun duman suna ihu, suna saukowa su shiga layi. Masu fitowa daga jirgin kuwa ba mai dariyar raini. Wasu suna ƙifta ido a rana, wasu suna rantsuwa sun ji sanyin hamada, wata dattijuwa ta fito tana share hawaye ta ce mahaifinta ta tuna. Da yawa suka sake komawa ƙarshen layi.

Nababa yana tsaye a gindin katangar cikin sabuwar riga, ba wanda ya san shi. Wasu magidanta biyu a gabansa suna musu. Ɗaya ya ce ganuwar ta fi shekara ɗari biyu, kakansa ya taɓa ba shi labarinta. Ɗayan ya ce bai kai haka ba, amma dai ta girmi zuwan Turawa. Suka juyo suka ce, "Baba, kai da ka manyanta, raba mana gardama."

Nababa ya shafa makubar da tafin hannunsa. Ya ce, "Watanta uku." Suka bushe da dariya, suka ce tsohon akwai barkwanci.

Da la'asar Falta ta sa aka tsayar da jirgin zagaye ɗaya, ta ce wannan na magina ne. Ta zaunar da Hure kusa da ita a taragon gaba, Nababa da abokansa shida a baya, Mudassir ya ja su da kansa. Da suka fito jama'ar da ke layi suka ji ko su wane ne, aka ɗauki tafi, masu musun nan biyu suka riƙe baki.

Kafin damina ta ƙare mutum uku sun zo har gida neman Nababa: mai otal daga cikin birni, wani shugaban makaranta, da wani alhaji da ke son zaure irin na kakansa. Ya ce duk su jira rani, ƙasa ba ta son gaggawa. A kakar nan Hure ta sauke duma ɗari da arba'in daga kan rufin, ta ɗauki mata biyar suna taya ta fafewa a ƙarƙashin darbejiya.