Abin da Inna Laure Ta Cusa wa Mashin

Duk Kurugu babu wanda ya kai Inna Laure tsoron mashin, sai kuma Allah da ikonsa ya mai da ɗan autanta Falalu ɗan acaɓa. Ranar da ya shigo da sabon mashin gida yana washe baki, ita ko taɓa shi ba ta yi ba. Mayafi ta yafa, ta ɗauki kwanon gyaɗa ta nufi gidan Malam Abdulsalami, ta dawo da laya ta ɗaura a kan mashin ɗin. Falalu kuwa a lokacin ya fara jin wa'azi a waya, ba a iya masa. Ya sa reza ya yanke layar, ya tsaya yana koya wa uwar da ta haife shi tauhidi, har da ɗaga yatsa.

Ba ta yi musu ba, kuma duk wanda ya san Inna Laure ya san shirunta ya fi faɗanta haɗari. Ta taɓa ganin wani bakanike ya buɗe murfin gefen mashin a ƙofar gida, ta hango wani ɗan akwati da soso a ciki. Wuri mai kyau, a rufe, ruwa ba ya shiga, ido ba ya gani. Ina za ta san ta nan mashin yake shaƙar iska? Falalu na tafiya masallaci ta kwance murfin da wuƙar yankan kuɓewa, ta cusa sabuwar laya, ta mayar ta ɗaure.

Mashin ya fara tari. Da Inna Laure ta ji tarin sai ta ce lallai maƙiya sun matso, ta koma wurin Malam ta karɓo wata ta ƙara. Tari ya ƙaru, ita ma ta ƙara. Kafin gyaɗa ta isa cira, mashin ɗin da a da yake tsere da iska ya koma sai jaki ya wuce shi, yana shan mai kamar da gayya, yana fitar da baƙin hayaƙi ta salansa. Falalu irin mutanen nan ne masu wanke mashin har ya ɗauki ido amma ba su taɓa leƙa cikinsa ba. Duk bakaniken da ya je wa sai ya canza masa fulogi ya sallame shi. Inna Laure kam hankalinta kwance: tunda ya daina gudu, ai aikin Malam yana ci.

Ana nan wata safiya waya ta zo daga Ruwan Bago. Muntaka ne, ɗan yayarta Barira. Ya ce jikin tsohuwa ya yi tsanani, kuma ta ce a kira mata Laure su yafi juna tun tana iya magana.

Shekara da shekaru ke nan 'yan'uwan nan biyu ba sa ga-maciji, kuma kada ka tambayi dalili don za ka ji haushi. Dutsen niƙan mahaifiyarsu ne. Barira ta ɗauke shi bayan rasuwa, Laure ta ce ita aka yi wa alkawarinsa, aka faɗa wa juna maganganun da ba sa maimaituwa. Yau dutsen yana bayan ɗakin Barira kaji na hawa, don su duka biyun inji suke kai niƙa.

Inna Laure ta zauna a bakin gado. Tsoro ya kama ta sosai, kada Yaya ta tafi da maganar nan a tsakaninsu. Ba ranar kasuwa ba ce, babu mota. Matar da ta rantse ba za ta taɓa hawa mashin ba ta ce, "Auta, fito da abin nan naka."

Sun wuce Karaye da ƙyar, mashin na tafiya yana shiɗewa, ita tana riƙe da rigarsa tana salati. Kafin su kai Rogo, a wani ɗan hawa, ya yi wata irin shaƙuwa ya mutu. Falalu ya buga kik har gumi ya jiƙa shi, a banza. Ya tura shi zuwa gindin wata darbejiya inda wani bakanike mai suna Shitu yake da rumfa, kusa da mai faci da mai rake da 'yan zaman kashe wando.

Aka gaisa, aka tambayi gida da damina, aka ba Inna benci. Shitu ya kwance fulogi ya kalle shi baƙi ƙirin, ya kankare, ya hura, ya mayar. Shiru. Ya zare tiyon mai ya tsotsa ya tofar, ya ce man Karaye duk gauraye ne. Ya sauke kafireta ya wanke ta tas, yana ba da labarin yadda ya taɓa tayar da mashin ɗin da ya kwana a rafi. Nan ma shiru. Sai da dabara ta ƙare masa sannan ya ɗauki sukundireba ya nufi murfin gefe.

Murfi na buɗewa layu suka zubo, wasu a jar fata, wasu a baƙa, duk sun sha mai sun kumbura, sauran kuma cunkushe a ciki babu ko masaka tsinke. Shitu ya yar da sukundireba ya yi tsalle baya har ya kifar da kwanon fetur.

"A'uzu billahi! Malam, wa ka taɓa? Wannan ai sammu ne. Wallahi ko nawa za ka ba ni ba zan sa hannu ba, ina da iyali."

Nan take mai rake ya bar rakensa, mai faci ya bar tayarsa, aka yi da'ira ana kallo daga nesa. Shi kuma gogan naka mai tauhidi, wanda ya ce laya takarda ce kawai da fata, sai ga shi ya fi kowa ja da baya. Aka yanke shawara babu mai taɓawa sai an kira wani malami a ƙauyen da ke kusa ya yi tofi. Mai faci ya tafi kiransa, ya dawo ya ce malam yana gona, amma an aika.

Aka zauna jira, baki kuwa bai zauna ba. Mai rake ya ce wannan ɗinkin aikin mace ne, ya san shi. Wani ya ce tsohuwa ce ma, irin masu baƙin cikin nan da ba sa son ganin yaro ya samu. Shitu ya juyo cikin ladabi ya ce, "Inna, ke da kike gida, ba ki lura da wata tsohuwar banza tana shawagi kusa da mashin ɗin nan ba?"

Inna Laure ta ce, "Allah dai ya kyauta," ta gyara mayafi.

Kunya ce ta ɗaure ta, da kuma taurin kan da ya raba ta da 'yar'uwarta tun farko. Ta buɗe baki a gaban ƙartin nan ta ce ita ce tsohuwar banzan? Gara malam ya zo ya yi tofinsa a wuce wurin, asiri a rufe. Aka yi azahar malam bai zo ba. Inuwar darbejiya ta juya, aka ja benci, malam bai zo ba. Ita tana zaune tana jan carbi, ba ta ma san abin da take faɗa ba.

Sai wayar Falalu ta yi ƙara. Ya sa ta a kunne, amma muryar Muntaka har benci ana ji: "Wai kuna ina ne? Tun ɗazu sunan Inna Laure take kira, yanzu muryar ma ta fara ɗaukewa."

Falalu ya kashe waya idonsa ya kawo ruwa. Ya juya ya fuskanci layun ya ɗaga hannu sama. "Duk wanda ya yi mini wannan, ya hana uwata ganin 'yar'uwarta, Allah ya..."

"Kai! Rufe mini baki kafin ka jawo wa kanka."

Inna Laure ta miƙe, ta ratsa da'irar, ta durƙusa gaban mashin. Ta zura hannu tana zaro layu tana zubawa a gefen zaninta, har da wadda ta maƙale a can ƙurya sai da ta sa farce.

"Nawa ne. Ni na sa, don kada ka karye a titi. Ni ce tsohuwar banzan. Kai kuma mai baƙin hannu, ka gama kallon? Mayar da murfin nan."

Mai rake ya tuna yana da rake. Shitu ya ɗaure murfi yana ta "Allah ya huci zuciyarki, Inna," ba ta ko dube shi ba. Falalu ya buɗe baki, wataƙila wa'azi ne ya taso masa, ya kalli fuskarta ya haɗiye. Bugu ɗaya mashin ya tashi da wani ruri da ya manta yana da shi.

A hanya Falalu yana lallaɓawa saboda ita, sai ya ji duka a gadon baya. "Wannan ce tafiyar? Murɗa mana!" Ya murɗa. Suka keta Rogo mayafinta na tashi, ba ta ce a rage ba ko sau ɗaya.

Sun isa Ruwan Bago bayan la'asar. Muntaka ya tare su a zaure ya ce tana nan da rai, amma magana ta tsaya tun ɗazu, ba ta ƙara cewa komai ba. Inna Laure ta san sarai a ina ta zauna lokacin da maganar take tsayawa.

Ta shiga ɗakin. Barira na kwance ta ƙanƙance, ido buɗe. Laure ta durƙusa ta kifa kai a bakin katifa.

"Yaya, na zo. Ni na tsaya shirme a hanya. Ki yafe mini, dutsen ma na bar miki, ni na yafe."

Laure ta kama kuka, ta tabbata ta makara. Can sai ta ji hannu yana lalube a kan ɗankwalinta a hankali. Hannun ya dunƙule, ya ɗan ɗaga, ya sauke mata ranƙwashi a tsakar ka, mara ƙarfi, irin wanda rabonta da shi tun suna 'yan mata. Inna Laure ta fashe da dariya hawaye na zuba, ta kamo hannun ta mayar da shi kanta ta ce, "Ƙara, Yaya."