Kafaɗar Yaya Mnguember

Shekara ashirin da uku yayata Mnguember ta yi tana dakan sakwara a bakin tashar motar Gboko. Ita ke daka, ni nake zuba miya ina kai wa masu ci. Direbobin Makurdi da na Katsina-Ala sun san hannunta, har akwai masu fasa karyawa a gida don su ci nata da miyar genger ta Tibi.

Ciwon ya shigo mata a hankali. In ta ɗaga taɓarya sama sai ta ji kamar an caka mata tsinke a kafaɗar dama, ta ɗan dakata, ta ci gaba. Ba ta gaya wa kowa ba. Ni ma sai wata Lahadi na gane, muna shirin coci ta kira ni ɗaki in ja mata zif ɗin riga in ɗaura mata ɗankwali. Na tambaye ta tun yaushe, ta ce wata uku, kuma in na gaya wa mijinta ba ni ba ita.

Muka fara da kemis. Ya ba ta ƙwayoyi da man zafi, ciwon ya lafa kwana biyu ya dawo. Daga nan wata maƙwabciya ta kai mu wurin wani maɗori a bayan gari. Ya lalluba kafaɗar ya ce gocewa ta yi, ya sa mutum biyu suka riƙe Yaya, ya finciki hannun. Ban taɓa jin ta yi ƙara irin ta ranar ba. Wurin ya kumbura, ta ɗaure hannun a ƙirji da zane, ta ƙi motsa shi har sati biyar, rumfarmu a rufe. Da ta kwance zanen, ko kunnenta ba ta iya taɓawa.

A lokacin ba sauran ɓoyo. Mijinta Iorwuese, malamin firamare ne da ya yi ritaya, mutum ne marar yawan magana. Bai yi faɗa ba, ya dai ce ta shirya, gobe asibiti.

Aka ɗauki hoto, aka ce ƙashi lafiya lau, bai taɓa gocewa ba. Aka tura mu wurin wata likitar gashin ƙashi mai suna Ngunan. Ta kama hannun tana juya shi a hankali tana kallon fuskar Yaya. Ta ce jijiyoyin da ke riƙe da kafaɗa ne suka gaji da aiki iri ɗaya, kuma tana yawan ganin haka wurin masu daka da magina da masu ɗora kaya a mota. Hutu da magani da sun isa tun farko. Amma fincikar da aka yi ta ƙara rauni, ɗaurin sati biyar kuma ya sa gaɓar ta sanƙare. Sai ta tambaya ko Yaya na yawan jin ƙishirwa. Yaya ta ce wanda ke tsaye kan wuta wuni guda ai dole ya sha ruwa. Duk da haka aka gwada jininta, aka sami suga ya hau. Ngunan ta ce masu ciwon suga kafaɗarsu ta fi saurin sanƙarewa, ta tura mu wurin wani likitan don wannan.

Maganin kafaɗar bai yi wa Yaya kama da magani ba. Ta gasa wurin da tawul mai ɗumi, ta sunkuya ta saki hannun yana lilo, sannan ta tsaya gaban bango tana hawa da yatsu har inda za ta iya jurewa. Safe da yamma, kullum. Taɓarya kuwa an hana ta sai abin da hali ya yi.

“Likita, yanzu duk karatun nan naki bango za ki sa ni shafa?”

“Shi za ki shafa, Mama. In kin daina, ni zan sani.”

Na karɓi dakan. Kwana huɗu kacal direbobi suka fara ƙorafi, wani mai suna Tyover ya ce in gaya masa ko sakwara ce na ba shi ko tsakuwa. Ciniki ya ja baya. Ran nan da safe sai ga Iorwuese ya zo, ya cire rigarsa ya rataye, ya ja turmin zuwa bayan rumfa inda ba mai gani. Yaya ta zauna kan kujera tana ba shi umarni, yaushe zai yayyafa ruwa, yaushe zai juya. Sati biyu ya yi yana ɓata doya kafin hannunsa ya faɗa.

Tyover ne ya gano shi, ya zagaya baya neman ruwan wanke hannu ya tarar da tsohon malaminsa yana zufa kan turmi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce sai ya gaya wa ’yan ajinsu.

Iorwuese bai ajiye taɓaryar ba. Ya ce, “Gaya musu. Ka kuma gaya musu jiya malmala biyu ka ci, ka nemi ta uku.”

Daga ranar aka dawo da turmin gaba.

Wata takwas aka ɗauka. Akwai lokacin da Yaya ta gaji ta bar motsa hannun sati guda, Ngunan ta gane tun kafin ta zauna, ta yi mata tas. Yanzu hannun yana kaiwa sama, ko da yake bai kai na hagu ba, kuma in hadari ya haɗu takan ji shi. An sassaƙa mata taɓarya marar nauyi. Ita da mijinta suke daka a turmi ɗaya, wannan ya sauke wannan ya ɗaga, in ta yi turmi biyu sai ta zauna.

Ciwon sugan ne ba ta yafe wa ba. Likita ya ce sakwararta kada ta wuce dunƙulen hannunta, sauran ta cika da ganye. Kullum da rana sai ta dunƙule hannu ta gwada da malmalar, ta ce da ta san haka da an haife ta da hannu irin na Tyover.